Yadda Na Kai Yaya Barmo Ƙasa Sau Uku

Jiya bayan sallar azahar na ɗan kishingiɗa a kan benci a zauren gidanmu, barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Amma kafin in faɗe shi sai kun san ko ni wane ne, in ba haka ba ba za ku gane inda ya dosa ba.

Sunana Sallau. Mahauci ne ni a Tudun Wada ta Kaduna, shekarata hamsin da biyu. Wana ɗaya ne a duniya, Yaya Barmo, wanda a zamaninsa ɗan dambe ne da ake wa laƙabi da Gatari. Shekara uku ke nan ciwon mantuwa ya kama shi. Ya manta hanyar masallaci, ya manta sunan matarsa, amma hannunsa bai manta komai ba. In ka zo yi masa wanka ko canza masa riga, sai ya cafki kafaɗarka da hagu, ya ɗaga dama ya kawo maka naushi a ka, daidai yadda yake yi a fage. Ranar da ya fasa wa maƙwabcinmu leɓe, dangi suka taru, ƙanen mahaifinmu Kawu Mati ya ce a nemo sarƙa. Na ce ba za a ɗaure wana ina numfashi ba.

Abin da ya kai ni wurin Malam Dogara ke nan duk Asabar da Lahadi. Tsohon soja ne, ɗan siriri, yana koyar da wani wasan kare kai na mutanen Japan mai suna aikido. A can ake koya maka yadda za ka kai mai kawo maka hari ƙasa, kai ba ka ji ciwo ba, shi ma bai ji ba. Wata goma sha huɗu ina yi, kuma na iya. Ba yabon kai ba ne, Malam ne ya faɗa a gaban mutane. Sai dai ban taɓa gwadawa a kan Yaya ba. In ya kama ni, dunƙulewa nake yi in tare da damtse in sha naushin, don a ganina hakan ya fi ladabi.

To, a mafarkin sai na gan ni a bakin kwata, wuƙata a kugu. Aiki ake yi sosai, amma da baya yake tafiya. Mata na shigowa da nama a kwanuka, mahauta na karɓa suna ɗinkewa, shanu na fita ta ɗaya ƙofar suna karkaɗa kunne. Wata tsohuwa ta kawo rabin hanta, aka ce ta zauna ta jira, mai ɗaya rabin ya taso daga unguwar Kawo. Na zaro wuƙata na ga ta zama basilla. Na ce to, wannan ma sana'a ce.

A ofishin sarkin fawa wani rago ne zaune, da tabarau a kan hanci.

"Kai ne Sallau ƙanen Barmo?"

"Ni ne."

"Ka makara. Gobe aka kira shari'arku."

Na ce, "Ashe ma na yi sammako."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Gobe ta wuce tun shekaranjiya. Sa hannu a nan."

Ya turo min ganyen kabeji. Na sa hannu. Ya ɗauka ya cinye, ya ce takardata ta shiga, in bi hanyar da ke bayana in yi ta tafiya gaba.

Na fito na tarar kogin Kaduna ya koma sama, an shanya shi daga wannan gefen gari zuwa wancan kamar zane a kan igiya. Masu wanki sun jingina tsani suna hawa. Wani kada ya leƙo da kai daga sama ya yi min sannu da rana, na amsa, ya tambayi iyali, na ce suna lafiya. Inuwoyin mutane ne ke gaba, masu su na biye suna haki. Tawa ma ta bar ni, na hango ta can ta tsaya tana gaisawa da inuwar wani mai lemo.

Sai ga ni a fagen dambe.

Jama'a sun cika maƙil, kowa ya juya wa fagen baya, don a garin da ƙeya ake kallo. Kalangai na rataye a jikin bishiya suna kaɗa kansu. A kujerar alƙali wani farin bijimi ne mai tozo, da sabon ɗinki a wuya. Da ganinsa na shaida shi. Ni na yanka shi ranar Talata.

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina fatan ba a riƙe ni a zuciya ba."

"Hannunka da sauƙi, Sallau," in ji shi. "Sai da aka gama na san an fara. Tashi, ba wannan ya tara mu ba."

Ya nuna min tsakiyar fili da ƙaho. An kafa turke, an ɗaura masa sarƙa, Kawu Mati na tsugune yana shafa mata man gyaɗa. A gefen turken Yaya Barmo ne tsaye, hannun damansa a naɗe da igiya irin ta ’yan dambe. Fuskarsa ce, furfurarsa ce, amma jikinsa duk na yumɓu ne, ja, gasasshe, kamar sabuwar randa.

Bijimin ya ce, "Ga hukunci. Za ka kai shi ƙasa sau uku kafin inuwar turken nan ta tashi daga aiki. In ka yi, ka tafi da shi gida. In ka kasa, a ɗaure shi. Amma ka sani, a garin nan duk wanda ya faɗi da ƙarfi fashewa yake yi."

Na waiga. A bakin fage an tara tsingaro tuli guda, suna hira a tsakaninsu. Wani ɓallin baki na tambayar ko an ga kunnensa.

"Na ji," na ce. "Zan iya."

Kawu Mati ya ɗago kai. "Sallau, ka bar taurin kai. Sarƙar nan mai laushi ce, ni na zaɓo ta."

"Allah ya saka da alheri, Kawu. Ka ɗan matsa min."

Kalangu ya canza murya. Yaya ya taho da irin takun nan nasa, ƙafar hagu a gaba, yana jan ta dama. Bai san ni ba, na gani a idonsa. Ya cafki kafaɗata, ya ɗaga naɗaɗɗen hannun. Ni kuma jikina ya yi abin da ya saba a gida: na kafe ƙafafu, na dunƙule, na tare da damtse.

Ƙwas!

Ni ban ji komai ba. Hannun Yaya ne ya tsage, daga wuyan hannu har gwiwa. Wani abu ƙarami kamar ƙwayar gero ya faɗo daga tsagar. Na duba, sai na ga sunan mahaifiyarmu ne. Kafin in sunkuya wata kaza ta zo ta tsince shi ta wuce abinta.

Shekara uku ina tsaya masa kamar dutse ina cewa biyayya ce, ban taɓa tambayar kaina me hannun dattijo yake ji ba in ya daki dutse.

"Sallau!"

Na ɗaga kai. Malam Dogara ne zaune a ƙarƙashin reshen bishiya, kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama, yana shan shayi, kuma ko ɗigo bai zuba ba.

"Yaushe na koya maka zama bango?"

"Wana ne, Malam."

"To don yayanka ne sai ka bar shi ya yi ta karo da kai? Hannun da ya kama ka da shi, ba ka shi ya yi. Wanda zai buge ka da shi kuwa, kada ya tarar da kai a gida. Mene ne sabo a nan? Sau nawa ka kayar da ni da wannan?"

"Ba iyaka."

"Na fashe?"

"A'a."

"To yi aikinka." Ya ci gaba da shan shayinsa.

Na saki kafaɗuna. Na sassauta gwiwa. Na ji nauyina ya sauka ƙasan cibiya, inda Malam ke cewa nan mutum yake zaune.

Yaya ya sake kamawa, ya sake ɗagawa. Wannan karon ban jira naushin ya sauko ba. Tun yana sama na ɗaga hannuna na tarye shi, ba don in tsayar da shi ba, don in raka shi. Na zura ƙafa na shige ta gefensa har na koma bayansa, ƙirjina a jikin kafaɗarsa, muna kallon wuri ɗaya. Naushin ya sauka inda nake ɗazu, ya tarar ba kowa. Na ɗora tafina a ƙeyarsa, na kwantar da kansa a kafaɗata, na juya. Ƙarfinsa ne ke jan mu, ni hanya kawai nake nuna masa. Ya yi ƙasa, ya yunƙura zai miƙe, ina jin yunƙurin na ɗaga damtsena ta ƙarƙashin haɓarsa na yi gaba taku ɗaya. Ƙafafunsa suka ci gaba, kansa ya tsaya. Ya tafi da baya a hankali, tafina na nan a ƙeyarsa har sai da na ajiye ta a kan yashi da kaina.

Ba ƙwas, ba ƙis.

Jama'a suka yi tafi da gwiwar hannu. Bijimin ya ce, "Ɗaya." Ragon nan mai tabarau ya fito daga ƙarƙashin kujera ya rubuta a ganye ya cinye.

Sai na ga inuwar turken ta tashi zaune tana miƙa.

Yaya ya miƙe yana huci. Yanzu ransa ya ɓaci, kuma na san Gatari in ransa ya ɓaci: ba ya ja da baya, ninkawa yake yi. Ya fizgi kafaɗata har rigar ta yage, naushin ya taho ta gefe, wajen kunne. Na ja ƙafa na karkace, na tarye shi da hannu biyu na gangaro da shi gabana, na riƙe wuyan hannun kamar yadda ake riƙe ƙotar gatari. Akwai wani kayen da Malam ke kira shiho-nage, wato kayen kusurwa huɗu, domin kana iya kai mutum gabas ko yamma, kudu ko arewa, duk inda ka ga dama. Na ɗaga hannun Yaya daidai goshina, na shige ta ƙarƙashinsa, na juya a kan tafin ƙafa.

Ina juyawa garin ya juya tare da ni. Kasuwa ta koma bayan tasha, tasha ta koma ƙarƙashin kogi. Wani mai shayi ya zuba wa mutum ruwan zafi a kofi, kofin ya tashi a hannun wani a wata unguwar. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Hannun Yaya ya naɗe ya koma bayan kafaɗarsa. A nan ne haɗarin yake. In ka ja shi waje, gwiwar hannun ta tafi. Malam ya sha buge min hannu a kan wannan. Ga tsaga kuma a jiki. Sai na manne hannun da kafaɗarsa, na ƙi sara shi ƙasa kamar yadda ake yi wa matasa. Na durƙusa a kan gwiwa ɗaya, na sauko da shi kamar ana sauke wa mace tulu daga ka. Duwawunsa suka taɓa ƙasa, sannan bayansa, sannan kai.

"Biyu," in ji bijimin. Ya karkato ya ce da ni a hankali, "Haka ka kwantar da ni ranar Talata."

"Da igiya ne ranar, ranka ya daɗe."

"Yau ya fi kyau."

Kawu Mati ya girgiza sarƙa. "Saura ɗaya, kuma lokaci ya tafi. Dubi can."

Gaskiyarsa. Inuwar turken ta naɗe tabarmarta, ta saka takalmi ɗaya, tana neman ɗayan.

Na gyara tsayuwa. Ban damu ba, don akwai kaye uku ko huɗu da ban taɓa ba tukuna, kuma kowanne na san shi kamar yadda na san gaɓoɓin shanu. Na ce a raina, ya kawo ta sama in juya masa wuyan hannu, ya kawo ta gefe in wuce da shi.

Yaya ya taso da ƙyar. Ya zo ya kama kafaɗata. Ya ɗaga dama.

Shi ke nan. Hannun ya tsaya a sama.

Na jira. Kalangai suka yi shiru. Hannun bai sauko ba. Ni kuwa duk abin da na koya, da ƙarfin mai hari ake yin sa. Wanda bai kawo maka komai ba, ba ka da abin da za ka mayar masa. In na fizge shi da ƙarfin mahauta, sai dai a kwashe shi a kwando.

Na ɗaga kai wajen reshe. Malam ba ya nan, kofin shayin ne kawai a rataye yana tururi.

"Yaya," na ce, "kawo mana."

Na ɗaga murya.

"Gatari! Kai ne fa! Kawo!"

Ko gezau. Inuwar turken ta samo ɗaya takalmin. Kawu Mati ya miƙe ya buɗe bakin sarƙa.

A nan ne na daina kallon hannun da ke sama, na saurari wanda ke kafaɗata. Malam yakan rufe mana ido da ƙyalle ya ce mu faɗi abin da riƙo yake nufi: wannan zai ja, wannan zai tura. Riƙon Yaya ba ja yake ba, ba turi yake ba. Ƙasa yake dannawa. Nauyinsa duk a kaina yake. Na dubi ƙafafunsa na ga suna karkarwa, yatsun na laluben yashi. Mutumin nan ba faɗa ya kama ni ya yi ba. Ƙasa ce ke juya masa, ya kama abin da ya fi kusa. Hannun da ya ɗaga kuwa, shi kaɗai ya san yadda ake ɗagawa in tsoro ya zo.

Na ce to, wannan ma akwai maganinsa.

Na matsa har ƙirjinmu ya haɗu. Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwar hannun da ya riƙe ni da shi, ɗayan na zagaya bayansa na tallafi ƙeya. Na ja numfashi, na jira har na ji nasa ya zo daidai da nawa. Da muka sauke tare, sai na yi rabin juyi, na lanƙwasa gwiwoyina na yi ƙasa. Abin da ya jingina a kai ne ya sauka, shi ma ya biyo. Muka tafi tare, a hankali, a hankali, har na ji yashi a bayana, shi kuma yana kwance a gefena, kansa a kan damtsena. Hannun da ke sama ya sauko ya kwanta a cikina, igiyar ta warware da kanta.

Inuwar turken ta ɗaga ƙafa za ta fita, ta tsaya ta waigo.

Kawu Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba kaye ba ne! Shi ma mai kayarwar ya taɓa ƙasa. A dokar dambe duk su biyun sun faɗi."

Bijimin ya yi tuƙa na ɗan lokaci. Ya kira ragon, suka yi shawara. Ragon ya ce dokar tana cikinsa amma bai gama narkar da ita ba.

"To ni zan yanke," in ji bijimin. "Na ce a kai shi ƙasa sau uku kada ya fashe. Ya kai ƙasa?"

"Ya kai," in ji jama'a ta ƙeya.

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba."

"Ban ce kada mai kai shi ya raka shi ba. Uku. Sallau, ɗauki ɗan'uwanka."

Sarƙar ta zame daga hannun Kawu, ta kwance kanta daga turke, ta ja jiki ta bi hanya. Na ji tana tambayar wata mata ko akwai rijiyar da ke neman ma'aikaci. Kawu ya tsaya da kwalbar man gyaɗa a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Daga baya ya zo ya tsuguna, ya tsiyaya a tafinsa, ya shiga shafa wa Yaya a tsagaggen hannun. Ban hana shi ba.

Muna kwance a yashi, kogi na wucewa a samanmu da kwale-kwale a kife, Yaya ya juyo da kai ya dube ni.

"Kai," ya ce, "wa ya koya maka kayar da mutum haka?"

"Wani tsohon soja."

"Ba ka da naushi."

"Ba ni da shi, Yaya."

"Tun kana yaro ba ka da shi." Ya yi dariya, irin wadda ke fitowa daga cikinsa, yumɓun na amsawa kamar an buga randa. "Amma ka iya saukewa. Na faɗi a Gusau, na faɗi a Funtuwa, ban taɓa faɗuwar da na so a maimaita ba sai yau. Tashi mu sake."

"An gama, Yaya. Gida za mu."

"Ɗaya tak."

Na miƙe, na miƙa masa hannu, ya kama. Ina cikin ɗago shi sai wata ƙara ta cika fagen, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, jama'a suka fara watsewa, bijimin ya naɗe kujerarsa ya saɓa a tozo.

Na buɗe ido. Amalanken ɗan ga-ruwa ne ya faɗa ramin ƙofar gidanmu, jarkoki na karo da juna, mai shi na ta faɗa da taya. Wuyana ya ƙage a kan benci. Yaya Barmo na zaune a tabarmarsa a ɗaya gefen zauren, da nama da jininsa, ya zuba min ido.

"Kai wane ne?" ya ce.

"Sallau ne, Yaya."

Ya jinjina kai, kamar mai auna ko sunan ya yi masa.

"To, Sallau, tashi ka kawo min ruwa."

Na tashi.